Iskar da Likita Yake Jira

Ba zan taɓa mantawa da jinyar da na yi wa surukina a wani asibiti a Kafanchan ba. Shekaru sun ja, gemuna ya yi fari fat, amma duk sa'ad da abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Na ga gara in ba da labarin da bakina, tun da masu ba da shi a bayan idona gishiri suke ƙara masa.

Abin ya faru ne ba a daɗe da komawa tuƙin hannun dama ba. A lokacin ina sabon ango, ina koyar da Arabiyya a wata firamare da safe, da yamma kuma in zauna a zaure da masu ɗaukar karatu. Boko kaɗan na taɓa, rubutuna na ajami ne. Surukina kuwa, wanda ba zan faɗi sunansa ba (har yau bakina bai iya ba, alhali ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa), Bafulatani ne da ya zauna wuri ɗaya a wata ruga ta hanyar Kachia. Yana da shanunsa, yana kuma noman citta kamar maƙwabtansa. Baffa muke ce masa. Dogo ne siriri, maganarsa ba ta da yawa.

Tsakanina da shi sai kunya irin ta mutanen da. In na je gaishe shi, tun daga bakin shinge nake tuɓe takalmi, in durƙusa can nesa, in gaishe shi ina kallon ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon shanu. Ko goro ban taɓa ɓantara a gabansa ba. Na kuma san abin da danginsa suke faɗa a kaina, wai an ɗauki 'yarsu an ba malamin gari mai laushin hannu, wanda ko ɗaure maraƙi bai iya ba. Maganar tana cina, ina ta neman ranar da zan nuna musu ni ma mutum ne.

Bayan kaka sai shawara ta kama Baffa. Idanunsa suka yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar shayin da ba madara, jiki kuwa ƙaiƙayi har da totuwar masara yake susa. Ga wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama da yake harbawa har kafaɗa. An sha saiwoyi, an sha rake, ni ma na yi rubutu na aika, amma kullum sai ƙara ramewa yake yi. 'Ya'yansa maza duk sun yi kudu da shanu. Saboda haka ni da mai ɗakina da mahaifiyarta, Inna, mu ne muka sa shi a mota muka kawo shi gari.

Likitan tiyatar wani Bamisire ne, gajere mai sanƙo. Da ya ji ni malami ne sai ya kira ni "ya ustaz". Wallahi a ranar kaina bai shiga hula ba. Na kwaso Larabcin littafi na zuba masa, ya yi dariya ya ce ina magana kamar mai huɗubar Juma'a. (Na ɗauka yabo ne. Sai daga baya na fara shakka.)

Ya ɗauki alƙalami ya zana mana ciwon. Duk wanda ya taɓa fiɗar rago ya san matsarmama, 'yar jakar nan koriya da take manne da hanta, wadda ake cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama. To, ashe a cikin ta mutum duwatsu suna iya tsirowa. Ɗaya daga cikin na Baffa ya gangaro ya toshe siririyar hanyar da ruwan ɗacin yake bi daga hanta zuwa hanji, ruwan ya rasa mafita ya koma cikin jini. Abin da ya rina masa ido ke nan. Maganin shi ne a buɗe cikin, a cire jakar gaba ɗaya, a tsaga hanyar a zaro dutsen.

Na fassara wa Baffa ina kallon ƙasa. Tambaya ɗaya ya yi.

"In an cire ta, mutum yana rayuwa?"

Likita ya ce ƙwarai.

"To, a yi. Rai na Allah ne."

Aka yi, kuma Allah ya ba da sa'a. Likita ya fito daga ɗakin tiyata da wani ɗan kwanon silba, ya nuna mini duwatsun, wasu kamar gujiya, wasu kamar tsakuwar rafi, shi kuma wanda ya yi ɓarnar kamar ƙwallon dabino. Ban san lokacin da na kama hannunsa da hannu biyu ina girgizawa ba. Na ruga na gaya wa Inna da mai ɗakina, na gaya wa mai gadi, na gaya wa mai sayar da lemo a bakin ƙofa. A masallaci ranar sai da na tsayar da mutane bayan la'asar ina kwatanta musu girman dutsen da babban yatsana, kuma ina jin kafin magariba dutsen ya kai ƙwan zabuwa.

Aka kawo Baffa ɗakin maza, da ƙarin ruwa a hannu, da roba a hanci, da wata robar kuma da ta fito ta gefen cikinsa tana ɗigar da ruwan ɗaci cikin kwalba a ƙarƙashin gado. Mata ba sa zaman jinya a ɗakin maza, sai dai su tsaya ta taga. Nan take na ce a raina, yau ga ranata ta zo. Na karɓi hutu a makaranta, na ɗauko buzuna da butata da carbina, na shimfiɗa a gindin gadon, na ɗauki alkawari tsakanina da zuciyata cewa ba zan matsa daga wurin ba sai ranar da aka sallame shi. Ni ne fifita, ni ne gyara matashi, ni ne duban kwalba in ruga in gaya wa nas ta ƙaru. Salla a nan nake yi. Abincina a bakin ƙofa nake ci a tsaye, na juya baya, in haɗiye da sauri in dawo. Duk Bafulatanin da ya zo dubiya sai ya same ni a durƙushe da mafici, ni kuma ina satar kallon fuskarsa don in ga ko ya lura.

Da farko komai ya tafi daidai. Idon ya fara washewa, ƙaiƙayin ya ragu. Aka zare robar hancin, wadda ita ce ya fi tsana a cikin duk abin da aka yi masa. Mutumin da aka tsaga wa ciki bai ce uffan ba, amma ranar da aka zare robar nan na ga hawaye a gefen idonsa, na yi sauri na kau da kai.

Sai aka zo maganar abinci. Babbar nas ta ɗakin, Sista Rifkatu, 'yar wajen Zangon Kataf ce, ƙaƙƙarfar mace mai farar hula, in tana tafe tun daga baranda ake jin takalminta. Ita ce ta kira ni gefe ta yi mini bayani. Ta ce in an taɓa cikin mutum da wuƙa, hanjinsa yakan yi barci, kuma ba a ba shi ko ruwa sai ya farka. In aka zuba abinci a hanjin da bai farka ba, ciki ya kumbura, ɗinki yana iya buɗewa. Na ce to, yaya ake gane ya farka?

"Tusa," in ji ta. Haka ta faɗa, ba ta ko rage murya ba. "In baban ka ya yi tusa, ka zo ka gaya mini. A ranan zai sha shayi."

Na ce, "Sista, surukina ne fa."

"Ko sarkin ka ne. Malam, wannan maganan ba na kunya ba ne, na rai ne. Ka tambaye shi."

Jama'a, ni da ban taɓa tambayarsa ko ya ci abinci ba. Na koma na durƙusa, na yi gyaran murya, na yi salati a ɓoye, na ce, "Baffa, an ce a tambaya, wai ko ciki ya ɗan samu hanya, ta wajen ƙasa."

Ya dubi silin ya ce, "Lafiya lau." Ya juya fuskarsa bango.

A gadon da yake kusa da namu akwai wani dattijo, Baba Bulus, tsohon mai zuba gawayi a kan jirgin ƙasa, wanda aka yi wa aikin ƙaba. Shi bakinsa ba ya hutawa. Ya riga ya wuce wannan matakin, kullum da safe yana shan shayinsa da burodi yana tsotsar leɓe don mu ji.

"Ardo," haka yake kiran Baffa, "ka sake shi mana. Ni da na yi nawa, Sista har sannu ya yi mini. A nan ɗakin shi ne tikiti, ba ka da shi ba ka shiga jirgi. Ubangiji da ya yi ƙofan gaba shi ya yi na baya."

Ni kuma na harari dattijon, ina ganin ba shi da ta ido.

Kwanaki suka fara tafiya, shiru. Cikin Baffa ya fara tashi, yana ƙyalli, in likita ya ƙwanƙwasa da yatsa sai ya amsa kamar ganga. Leɓensa ya bushe, sai dai a jiƙa auduga a shafa masa. Kullum da safe Inna takan zo taga da ƙwaryar kindirmo, ta tsaya, ta koma da abarta. Ni kuwa da na ga haka sai na ce addu'a ce ta yi kaɗan. Na ƙara matso da buzuna har yana taɓa ƙafar gadon, na duƙufa da karatu a saitin kunnensa.

Sista ta ce, "Malam, ka je gida ka yi wanka mana, ka huta kaɗan."

Na ce, "Hutu ba nawa ba ne sai Baffa ya tashi."

Baba Bulus ya ce, "Malam, ka je kasuwa ka sayo mini taba."

Na ce a aiki wani.

Har shi kansa Baffa, wata rana da hantsi, ya yi magana yana kallon bango. "Malam, yara ba sa jiranka a makaranta?"

Zuciyata ta yi fari, na ce ashe har tausayina yake ji. Na ce, "Baffa, na karɓi hutu. Ba inda za ni. Ko taku ɗaya ba zan yi ba."

Ya lumshe ido, na ga yana cije baki. Na ɗauka ciwo ne, na ƙara masa fifita. (Mai karatu, na san ka riga ka gane. Ni a lokacin ban gane ba, kuma ni ne mai koyar da fikihu.)

Ran nan likita ya daɗe yana sauraren cikin da abin nan da suke sa wa a kunne. Ya ɗago ba fara'a. Ya ce mini da Larabci yana jin ɗan motsi, amma cikin yana ƙara tauri, kuma abin ya wuce lokacin da ya saba gani. In har ya zo zagayen gobe da safe ba labari, zai mayar da robar hanci, kuma mai yiwuwa ya sake shiga da shi tiyata ya duba ko ruwan ɗaci ne yake yoyo a ciki, ko hanji ya naɗe. Ya ƙara da cewa jikin dattijo irin wannan, da ya riga ya rame, buɗewa ta biyu ba wasa ba ce. Na fassara wa Baffa rabi, na haɗiye rabi. Da ya ji an ambaci roba sai ya damƙe bakin gado. Mai ɗakina a taga ta karanci fuskata ta fara kuka.

A nan sai na ɗan tsaya in gaya muku yadda aka tarbiyyantar da mu, don ku yi mini adalci. A zauren da na yi karatu, in babba ya yi kuskure irin wannan a cikin taro, ba a barinsa da ita. Ƙaramin da ya fi kusa da shi ne yake ɗauka. Ya sunkuyar da kai ya ce a gafarce shi, ya tashi ya fita kamar zai sake alwala, a ci gaba da karatu, mutuncin babba ya tsira. Wanda ya yi haka ana ganinsa ɗan halak, har a yi ta sa masa albarka a ɓoye. Abin ya shiga jinina tun ban san kaina ba, kamar yadda hannu yake kai wa ga hula in iska ta taso.

Gari ya waye. Na yi alwala da niyyar sallar walha, kafin in tayar sai ga takalmin Sista, ga likita, ga wasu nas biyu da tire. In likita ya shigo zagaye ɗakin yakan yi tsit, har masu nishi sukan dakata. Inna da mai ɗakina suna taga, da wasu dattawa biyu daga rugar da suka zo dubiya. Likita ya tsaya a gadon Baba Bulus, ya ba mu baya, yana duba ɗinki. Sista ta waiwayo wajen Baffa ta ce, "Baba, ka yi tari kaɗan kafin likita ya zo, ka riƙe cikin ka da filo." Dama kullum takan sa shi tari don kada ƙirji ya cushe.

Baffa ya rungumi matashi ya yi tari. Tarin ya zo da abin da bai shirya masa ba.

Ba ƙarama ba ce. Wanda ya zauna a Kafanchan ya san yadda kan jirgi yake sauke numfashi in ya tsaya a tasha. To, kusan haka, sai dai ita ta fi shi jan lokaci, har da ɗan ƙarashe a ƙarshe. Ɗakin ya ƙara yin tsit. Likita ya juyo da sauri, fuskarsa ta washe, har ya fara ɗaga hannu.

Ni kuwa sai na ji ni a tsaye. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na sunkuyar da kai, na dafa ƙirji, na ce da murya sosai don kowa ya ji, "Ni ne. Ku gafarce ni. Wake na ci jiya."

Don kada likita ya rasa ladan ji, har na maimaita masa da Larabci.

A wannan ɗan lokacin, wallahi, daɗi nake ji. Na ce yau dattawan ruga sun ga irin surukin da Allah ya ba su. Na saci kallon taga. Inna ta ja gyale ta rufe fuska. Mai ɗakina ta buɗe baki tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba.

Fara'ar likita ta ɗauke. Ya dube ni, ya dubi Baffa, ya sauke hannunsa. Ya yi wa Sista magana da Turanci, ta juya ta ce da ƙaramar nas, "Kawo roban hanci. Ki gaya wa tiyata su dafa kaya."

Sai a lokacin abin ya sauko mini. Abin da aka yi kwana da kwanaki ana jira, abin da Inna take zaryar kindirmo dominsa, abin da zai hana a sake sa wa dattijon nan wuƙa, ya zo lafiya, ni kuma na miƙe na karɓe shi na sa a aljihu. Nas ta dawo da robar a kan tire tana sheƙi. Baffa ya dube ta, ya mayar da ido silin. Na san shi. Zai yarda a zura masa ita, zai yarda a sake tsaga shi, amma ba zai buɗe baki ya ce tasa ce ba, balle yanzu da surukinsa ya riga ya rufa masa asiri a gaban jama'a.

Na ce, "Likita, a dakata. Ba ni ba ne."

Sista ta riƙe ƙugu. "Yanzu ka ce kai ne."

"Na faɗa, amma ba ni ba ne."

"To wane ne?"

Ga shi ban iya faɗin sunansa, ban iya nuna shi da yatsa. Idona ya yi ta yawo a ɗakin yana neman mafaka, ya je ya sauka a kan Baba Bulus.

"A'a, Malam," in ji shi, ya ɗaga hannu biyu. "Kar ka kalle ni. Ni nawa na gama shi tuntuni, an rubuta. Kar ka sa ni cikin maganan gidan ku."

Wani mai karaya a can ƙarshen ɗaki ya fashe da dariya, ya koma yana nishi.

Likita ya matso kusa da ni, ya yi magana a hankali da Larabci. Ya ce, "Ya ustaz, ka ba ni magana biyu. Dangin marasa lafiya sukan ce mini an yi alhali ba a yi ba, don a ba nasu abinci. In na yarda da ta biyun, ta zama ƙarya, ni ne zan kashe shi da kofin shayi. Wacce zan ɗauka?"

Na rantse. Ya ce rantsuwa kowa yana yi. Ya dubi gemuna da bai gama bushewa ba, ya dubi butar da take gefe.

"Kana da alwala?"

Na ce ina da ita.

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

"To, malami ba zai tsaya gaban Ubangijinsa ba alwala ba. Yi sallarka mu gani."

Ya sunkuya da kansa ya ɗauki buzuna, ya kai shi can gaba tsakanin layin gadaje, ya shimfiɗa yana fuskantar alƙibla. Sista ta fassara wa ɗakin abin da ake ciki, ba ta rage komai ba. Waɗanda suke iya tashi zaune suka tashi. Wani mai ƙarin ruwa ya jawo sandarsa don ya gani da kyau.

Haka na taka na hau buzun nan. Na yi niyyar walha, wadda dama ita na yi wa alwalar, na roƙi Allah a zuciyata ya karɓa ya yafe abin da ya cakuɗu da ita. Na kabbarta. Na sha jan salla a gaban manyan malamai ban ji ɗar ba, amma ranar nan na ji, domin kowa a ɗakin, Musulmi da Kirista, ya san abin da sallar nan take ba da shaida a kai. Wani tsoro kuma ya taso mini da na zo ruku'u. Waken nan da na ambata ba ƙarya ba ne, na ci shi. Na ce ya Rabbi, in ka bar ni da kaina a nan, na kashe surukina. Tun da nake ban taɓa riƙe jikina a ruku'u kamar ranar ba.

Na kai goshi ƙasa a raka'a ta biyu, bayana yana wajen gadon Baffa, ba na ganinsa, ba ya ganin idona. Sai ga ta biyu ta taho daga bayana. Ta fi ta farko natsuwa, kamar ta wanda ya samu sarari. Ba mai iya cewa daga buzu ta fito.

Sannan na ji muryar Baffa, a hankali, yana magana kamar mai ba da shaida a gaban alƙali.

"Likita, wannan tawa ce. Ta farkon ma tawa ce. Yaron nan bai yi komai ba."

"Haleluya," in ji Baba Bulus. "A kawo wa Ardo shayi."

Yadda na ƙarasa tahiya Allah kaɗai ya sani. Da na sallame na juyo, likita ya riga ya sa abin saurarensa a cikin Baffa, yana danna nan yana danna can, kafaɗunsa suna rawa saboda dariyar da yake dannewa. Ya ce cikin ya saki. A tafi da robar, a gaya wa tiyata su huta, a fara ba shi ruwa cokali-cokali, in ya zauna a bi da shayi. (Har yau ina zargin ba alwalata ce ta dame shi ba, so yake ya juyar da ni in ba dattijon baya. Ban tambaye shi ba.) Ta taga na ji Inna tana hamdala da Fulatanci, mai ɗakina tana kuka tana dariya, dattawan ruga kuwa sun juya suna kallon itacen mangwaro kamar yau suka fara ganinsa.

Murna ta sa na manta da kunyar da nake ciki, na rarumo mafici zan koma mazaunina. Sista ta tare ni da hannu.

"Ina za ka? Malam, dutse likita ya cire shi tuntuni. Wanda ya toshe baban nan kwanakin nan, kai ne. Mutum yana so ya sake, surukin shi na zaune a kan shi da carbi safe da yamma. Ɗauki fatan ka."

Na dubi Baffa ko zai cece ni. A karo na farko tun da na auri 'yarsa ya dube ni ido cikin ido. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam. Ka yi ƙoƙari." Ya dubi ƙofa. "Amma ka zauna a waje."

Sauran jinyar a baranda na yi ta, in an buƙace ni a leƙo a kira. Ba a jima ba ya fara shan kunu, aka zare robar gefen ciki, idonsa ya koma fari tas, ya koma rugarsa da ƙafarsa. Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Abin da na koya dai ba shi da yawa, amma na riƙe shi. In na je duba marar lafiya yanzu, nakan gaishe shi, in yi masa addu'a gajeriya, in tashi tun bai fara kallon bango ba. In kuwa ina cikin taro na ji wata ƙara ta tashi, komai girman mai ita, nakan ci gaba da jan carbina in bar masa abarsa. Wa ya sani, ko likita ne yake jiranta.